Kuɗin aiki daban, kuɗin jinya daban



Shekara 3 Yayata ta yi tana sallah zaune saboda gwiwar dama. Mun ce sanyi ne, muka yi ta shafe-shafe. Har wurin mai ɗori mun je, ya ce shi karaya ya sani, nan ko babu karaya. Da ƙafar ta soma lanƙwashewa kamar baka, muka tafi Tasawa, daga can aka tura mu babban asibiti aka ɗauki hoto.

Likita ya nuna mana guringuntsin gwiwar ya cinye ta gefen ciki, na waje ko da sauranshi. Ya ce za a yanka ƙashin ƙwauri ƙasa da gwiwa kaɗan, a miƙe shi, a ɗaure da ƙarfe da kusoshi, nauyin jiki ya koma gefen mai lafiya. Kamar dai yadda ake gyara wa jaki kaya idan ya rinjaya gefe guda.

Asusunmu ya ba ta bashi, muka sai da awaki 2, aka yi aiki lafiya. Nan muka yi kuskure, kuma ni ce kan gaba, tunda ni ke riƙe da littafi: na lissafa kuɗin aiki, ban lissafa abin da ke bayanshi ba.

An ce mata ta yi sati 6 da sanduna, kada ta ɗora nauyi, ƙashin kuma sai ya yi wata 3 ko fiye kafin ya haɗe. Amma ta dawo Hawandawaki ana tsakar girbi. Wa zai yi daka? Wa zai ɗebo ruwa? Sati na uku ta aje sanduna. Ranar komawa ta zo, babu kuɗin mota, muka ce sai an sai da wake. Wurin ɗinki ya kumbura, ya soma ruwa, zazzaɓi ya biyo. Da muka koma aka ce ƙwayar cuta ta shiga. Aka sake buɗewa aka wanke, haɗewar ƙashin ta ja lokaci. Jinya ta biyu ta fi ta farko cin kuɗi.

Yau alhamdu lillahi tana zuwa rijiya da ƙafarta, amma har yanzu muna biyan bashi.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jiharmu ta Maraɗi, mata sun iya tara kuɗi. Ƙungiyarmu ta ƙara dubara guda: wadda za a yi wa aiki, muna ware mata kuɗin motar komawa tun kafin ta tafi, mu kuma raba daka da ruwa tsakaninmu, kowa da ranarta.

Ku riƙe wannan: in wurin ya yi ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, kada a jira ranar kasuwa. In numfashi ya yi wuya, a tafi nan take, jini ne kan daskare a jijiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.