A kasuwar Tanut, "to" ba ciniki ba ne

Ƴan uwa manoma da makiyaya, bayan girbi na shiga mota daga Damagaram na nufi arewa. Tafiyar kilomita wajen 150 ce bisa hanyar Agadas. Ga ni Tanut, babban garin Damargu, ƙasar hatsi.

Na zauna a rumfar wani dillali a kasuwar bisashe, na kasa kunne. Nan harsuna suke gamuwa. In ka faɗi magana ta zauna, Bahaushe ya ce: "Ƙwarai kuwa!" ko "Gaskiyarka!" Buzu ya ce "tidit". Bafillace ya ce "goonga". Dagira, masu jin Barbarci, su ce "jire". A bakin Buzu da Bafillace da Dagira, ma'anar guda ce: gaskiya.

Dillalin, dattijo ne mai ban dariya, ya ƙara mini wata. A shekarun 1980 Turawa suna ratso hamada da tsofaffin motoci, su biyo ta Arlit da Agadas, su tsaya Tanut shan ruwa. Cikinsu akwai Jamusawa. Ya ce kome ka faɗa musu, in sun yarda, sai su ce "genau", wato daidai, haka ne. Shi kuwa "ganau" yake ji. Ya daɗe yana mamakin baƙon da ya iso yau, amma ya zama ganau a kan kome!

Ana cikin haka sai ga wani saurayi daga Balbeji da ragonsa. Mai saye ya taya. Saurayi ya ce: "Albarka." Wanda bai san kasuwa ba zai ce an shirya. Ina! Albarka a nan ƙi ne cikin ladabi. Aka ƙara jika biyu. Saurayi ya ce: "To." Mai saye ya kai hannu ga igiya.

Dillali ya riƙe shi. Ya ce: "Malam, dakata. To ba sallamawa ba ce. Yaro, ka sallama?" Saurayi ya yi shiru, kana ya girgiza kai. Sai da aka ƙara dala ɗari ya buɗe baki: "Na sallama." Aka yi hannu, mutum biyu suka shaida.

Wannan ya tsaya mini a rai. Sau nawa ake aron gona ko jinginarta da "to" kawai? In ruwa ya sauka, wannan ya ce aro ne, wancan ya ce saye ne. Tun dokar karkara ta 1993 aka tanadi kwamitocin filaye masu ba da takardar shaidar saye, aro ko jingina. Wanda ya yi yaƙi da jahilci zai karanta ta da kansa kafin ya dangwala yatsa.

Da la'asar na tashi. Na ce wa dattijon: "Baba, kasuwarku akwai ƙura." Ya kaɗe rawaninsa, ya ce: "Ganau!"