Laifin da Aka Ɗora wa Kwaɗo

A daminar da ta wuce, iyaye suka kawo ƙara zauren Maigida Sarkin Zango, cewa yara suna fitsarin jini. Mu da ke riƙe da alƙalamin zauren muka rubuta abin da kowa ya faɗa. Mafi yawa suka ɗora laifin a kan kwaɗin kududdufin bayan makaranta, har wani ya kawo shawarar a zuba musu guba. Liman ya tunatar da cewa hadisi ya hana kashe kwaɗo, sai aka ɗage magana, aka ce mu bincika.

Abin da muka samo ya kai mu har Amurka. A shekarar 1995, wasu 'yan makaranta a jihar Minesota suka tarar da kwaɗi masu nakasa a wani tafki, wani ƙafa ta ɓace, wani kuma an yi masa ƙari. A 1999 wani mai bincike, Pieter Johnson, ya nuna cewa wata tsutsa mai faɗi, Ribeiroia, tana haddasa irin wannan. Tana hayayyafa a cikin katantanwa, ta fito ta huda talibambam daidai inda ƙafafunsa za su tsiro. Kwaɗo ya girma gurgu, zalɓe ya cafke shi ba wuya, tsutsar ta yi ƙwai a cikin tsuntsun, kashinsa ya mayar da ƙwan ruwa. Mun jima muna jinjina wannan tsari. Allah Gwani!

Wannan tsutsa ba ta kama mutum. Amma 'yar'uwarta mai kawo tsargiya ita ma a katantanwa take renon 'ya'yanta, sa'an nan su huda fatar mai wanka. Babu inda kwaɗo ya shigo cikin lamarinta. Ashe shi ma majinyaci ne irin 'ya'yanmu, a hannun dangi guda.

Dattawanmu na nan bakin Tafkin Volta sun shaida cewa cutar ta yawaita ne bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, lokacin da ruwa ya kwanta, ciyawa ta cika gaɓa, katantanwa ta sami gida. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne, mu kanmu mun tashi muna jin ana cewa jinin nan alamar balaga ce ga namiji, kuma mun yarda.

Da muka karanta wa Maigida bayanin, ya yi shiru, sa'an nan ya ce a rubuta wa ma'aikatan lafiya takarda su kawo maganin Praziquantel, a kuma hana yara fitsari da wanka a kududdufin. Takardar ta tafi. Hanin ne bai kama ba tukuna. Jiya da la'asar mun ƙirga yara bakwai a ciki.