Leda a ƙofar masallaci da haƙƙin da ke wuyanmu

'Yan'uwa, nasihata ta yau a kan shara ce, kuma na ɗauke ta babi ne daga babukan addini.

Na tashi na tarar da juji dukiya ne a ƙasar nan. Toka da kashin dabbobi da ɓawon hatsi jaki yake kwashe su zuwa gona kafin damina, su koma gero. Tsohuwar taya takan zama takalmi ko gugar rijiya, gwangwani ya zama fitila, karyayyen alminiyam maƙeri ya narka shi ya zuba tukunya. Abin da masana suke kira yau tattalin arzikin sake sarrafa kaya, iyayenmu a kansa suka rayu.

Leda ce ta yanke wannan igiya. Ba ta ruɓewa, kuma ta gauraya da takin da muke kaiwa gona. Ku dubi ƙayoyin da ke bakin kwalta daga mararrabar Tsarnawa zuwa Ƙonni, ko ta wajen Malbaza: baƙaƙen ledoji ne rataye. Tana toshe magudanar ruwa, sauro ya samu wurin ƙwai. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin akuya da rago.

Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana shigo da ledoji marasa kauri da sayar da su. Ruwanda ta hana su tun 2008, ta kuma tsaya a kan hanin. Mu doka na rubuce, kasuwa na cike.

To, ko babu dokar hukuma, shari'a ta riga ta yi magana. Alƙur'ani ya hana almubazzaranci. Hadisi ingantacce ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Wanda ya jefa abin da ya kashe tunkiyar maƙwabcinsa, ina zai kai wannan haƙƙi?

Roƙona uku ne. Mai zuwa kasuwa ya riƙi jaka ko kwando daga gida. A raba shara: mai ruɓewa ta tafi gona, ƙarfe da gora a ba masu saye, leda a tara ta daban, kada a ƙona ta kusa da yara. Ledar ruwan da aka sha ranar Juma'a kuwa, kada a bar ta a harabar masallaci. Zan sa buhu a kowace ƙofa.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa, Ya tsarkake zukatanmu da garuruwanmu. Amin.