Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa fid da rai da wani abu, daga baya ka gane ashe da sauran amfaninsa? Ni kam na taɓa.

Ina da wata kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya tun farkon shigata aikin koyarwa. A cikinta nake ajiye darussana, da tambayoyin jarrabawa, da tatsuniyoyin da na naɗa daga bakin kakata kafin rasuwarta. Da tafiya ta yi tafiya, sai ta yi nauyi. In na kunna ta, har ruwan shayi ya tafasa ba ta gama buɗewa ba. Ga shi kuma a watan Janairun 2020 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Mai gyara ya ce in sayi sabuwa, alhali albashina bai kai can ba.

Ana nan sai wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni. Da ta duba, sai ta ce, "Malam, ai lafiyarta ƙalau, kaya ne suka yi mata yawa." Ta ba ni labarin Linux, manhajar da Linus Torvalds ya soma a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan, wadda kyauta ake samun ta. Akwai nau'inta marar nauyi mai suna Lubuntu.

Da farko muka kwashe duk ajiyata zuwa wata ma'adana, domin sauya manhaja kan goge komai. Sai da na ji muryar kakata a can sannan hankalina ya kwanta. Daga nan ta zuba Lubuntu a filashi, muka gwada, muka ga ta yi, sannan muka girka ta.

Na ɗan sha wuya kafin in saba, musamman da LibreOffice, wadda ta maye gurbin Word. Amma na tarar da tsarin rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, kuma yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Da ita na rubuta darasin nan da kake karantawa.

Saboda haka, kafin ka yar da tsohon abu, tambayi wanda ya sani, ko da ɗalibinka ne.