Rabin Ƙwayar Inna

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin kakata ne, wadda muke kira Inna.

Inna tana fama da hawan jini. Wata rana ina share mata ɗaki na ɗaga tabarma, sai ga ƙwayoyin maganinta ƙulle a leda, kowace an raba ta biyu. Na ce, "Inna, wa ya farfasa miki magani?" Ta yi murmushi ta ce, "Ke 'yar nan, rabi nake sha don ya kai ni ƙarshen wata. Ubanki da wanne zai ji, kuɗin makarantar ƙannenki ko ni?" Wallahi ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa, ni kuma na biye mata. Bayan sati biyu jiri ya kwashe ta a bakin rijiya.

A ƙaramin asibitin unguwarmu wata nas ta ja ni gefe ta ce, "Me ya hana ku yi mata rajistar inshorar lafiya?" Ashe dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A 2022 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta tanadi asusu domin tsofaffi, naƙasassu, masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5 da marasa ƙarfi. Ni da na gama sakandare har ina rubuta littattafai, ban taɓa ji ba, balle Inna!

Sai da na yi sawu uku kafin sunanta ya shiga. Ba zan ɓoye muku ba, wani lokacin mukan tarar magani ya ƙare, sai mun saya a kemis. Amma dai ta daina raba ƙwaya.

Tsofaffinmu suna da kara, sun gwammace su yi shiru da ciwo a kan su ɗora wa 'ya'yansu nauyi. Ke da kika iya karatu, je ki asibitin unguwarku ki tambaya, ai matambayi ba ya ɓata. Kafin nan, ki leƙa ƙarƙashin tabarmar kakarki.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.