Ruwa Ya San Hanyarsa

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san kududdufi, watau ramin da kakanninmu suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, har ya zama matattarar ruwa. Mutane da dama kallon gidan sauro da kwaɗi suke yi masa, amma fa aikinsa ya wuce nan. Idan aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ke shanye abin da lunguna suka kwararo, ya riƙe shi har ƙasa ta tsotse.

A unguwarmu akwai guda uku. A kan idona aka cike biyu da shara da ɓaraguzan gini, aka yanka filaye, aka yi shaguna. Damina biyu ba ta cika ba sai ruwa ya fara kwana a zaurukanmu, katangar wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zube cikin dare. Allah Ya sa ba a rasa rai ba. Da gari ya waye kowa sai cewa yake ƙaddara ce. To, ba na musun ƙaddara, amma mun san waɗanda suka toshe hanyar, mu kuma muna gani muka yi shiru.

Abin da ya faru a lungunmu shi ke faruwa a ƙasa baki ɗaya. A watan Agustan 1988 madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, ta ci gidaje da gonaki. A 1994 ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri. Shekara 30 bayan haka, a Satumban 2024, ita dai wannan madatsa ta sake ɓallewa cikin dare, ruwa ya shiga kasuwa da asibiti, har namun gidan ajiyar dabbobi suka fito gari. Ambaliyar 2022 kuwa ta kashe mutum sama da 600 a Nijeriya. Alhali kuwa kowace shekara hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da wuraren da ke cikin haɗari. Sai dai sau tari gargaɗin ba ya isa kunnen manomin fadama cikin harshen da yake ji.

Shiri ba sai mai kuɗi ba. A yashe kwatoci kafin ruwan farko, a duba gindin katangar ƙasa, a ɗaure muhimman takardu a leda a rataye sama, iyali su san tudun da za su nufa, kada kuma a yi ganganci da ruwa mai gudu ko da iyakarsa gwiwa.

Mu marubuta ma da namu nauyin. Mutanen da suka laƙaba wa yunwar 1914 suna Kakalaba don kada jikoki su manta. Mu rubuta inda ruwa ya bi, da shekarar, da iyakar inda ya kai a jikin bango, domin mai neman fili gobe ya san a kan me zai aza harsashi. Allah Ya kiyashe mu.