Gudumar da ta dace da hannuna

Ƙanena yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ni kuma ina Damagaram. Shekara uku ke nan rabona da ganin fuskarsa in ba ta waya ba. Shi ba mai yawan magana ba ne. In na kira shi, daga "lafiya lau, Yaya" sai shiru, ni da nake cika awa biyu ina surutu a gidan rediyo sai in rasa abin cewa. Wuri guda ne bakinsa ke buɗewa: daren Asabar, in mun haɗu ta intanet a cikin Monster Hunter: World, wasan farautar dodanni da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 2018.

Makamai goma sha huɗu ne a wasan. Shi ya ɗauki dogon takobi, ni na ɗauki guduma. Guduma ba ta da garkuwa, ba ta yanke wutsiya, kuma sai ka matso dab da dodo kafin ta same shi. Amfaninta yana ga kai: in ka yi ta dukan kan dodo, jiri zai kwashe shi ya zube, kowa ya samu damar duka son ransa. Shi ya sa 'yan wasan ke da al'ada: mai guduma a kai, mai takobi a wutsiya.

Bayan makami akwai sulke kashi biyar, na kai, ƙirji, hannu, ƙugu da ƙafa, sai laya guda da 'yan duwatsun da ake cusawa a gurabun sulken. Kowanne yana ɗauke da wata baiwa, gurabun kuma ƙididdigaggu ne. Duk abin da ka ɗauka, ka bar wani.

A nan na ɓata. Na kalli bidiyon gwanayen da ke kashe dodo cikin minti uku, na kwafi shirinsu kaf. Na ƙera guduma da ƙahon Diablos, dodon da ke nutsewa cikin rairayi. Dukanta da nauyi, amma tana da aibi: lokaci zuwa lokaci dukan kan fita da rauni. Don toshe wannan sai na cika gurabuna da baiwar da ke ƙara yawan mugun duka, da wadda ke ƙara shi a wurare masu taushi kamar kai, da wadda ke ɗaga ribarsa daga kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari. Ban bar gurbi ko ɗaya don kare kaina ba. A filin gwaji, inda gungume ne abokin karawa, lambobin da ke tashi sun sa ni murmushi ni kaɗai.

Gungume dai ba ya ramawa. Wata Asabar muka fita wa Nergigante, irin mai tsananin ƙarfi da ake haɗuwa da shi bayan an gama labarin wasan. Jikinsa ƙaya ne, suna fitowa farare, in suka yi baƙi sai ya yi ruri, ya tashi sama, ya faɗo wa mutum. Rurin kan sa mafarauci ya tsaya cak ya toshe kunnuwa, kuma ni ne a gaban bakinsa. Ƙa'idar wasan ita ce minti hamsin, da suma uku ga ayarin duka. In ka suma, maguna ne ke kwaso ka a amalanke su zubar a sansani. Sau uku suka kwaso ni kafin minti ashirin. Ƙanena ko sau ɗaya bai faɗi ba, amma tare muka yi asarar farautar.

Muka sake, na sake zubar da mu. Sai na ji ya ja numfashi ya ce, "Yaya, gobe da asuba zan fita. Mu bari sai wani lokaci." Asabar biyu bai shigo ba. Na san abin da daren yake ci masa: kuɗin intanet, da barcin mutumin da ya wuni a tsaye cikin hayaniyar manyan motoci. Ya kawo mini abin da ya fi ƙaranci a wurinsa, ni kuma na kashe shi wajen gwada rigar da ba a ɗinka don ni ba.

Na zauna na warware shirin. Gwanayen nan sun yi faɗa da dodon sau ɗaruruwa, sun san motsinsa tun kafin ya yi, shi ya sa ba su buƙatar kariya. Ni kuwa awa uku nake samu a mako, in an bar mana wuta. Na cire duwatsu uku na sa na ƙarin lafiya. Na nemo kwalkwali da ɗamarar Bazelgeuse don baiwar toshe kunne, na kai ta mataki na biyar, inda ruri ba ya tsayar da mutum. Na rage dogaro da baiwar saurin sa jiri, domin duk lokacin da dodo ya zube, na gaba sai ya fi wuyar samu. Lambobina a filin gwaji suka sauka, raina ya ɗan sosu.

Amma a fagen fama abin ya juya. Lokacin da Nergigante ya buɗe baki yana ruri, kansa a tsaye yake wuri guda. Da can nan ne nake daskarewa, yanzu nan ne nake sauke masa guduma. Da ya tashi sama kuma, ina da sararin mayar da makami in yi tsalle gefe.

Na aika wa ƙanena hoton sabon shirin ba tare da wani bayani ba. Amsarsa ta zo da dare: "Yanzu ka yi hankali, Yaya." Asabar ta gaba ya shigo. Mun kayar da dodon a minti talatin da ɗaya, wanda gwanaye za su yi wa dariya. Na sa shi jiri sau biyu, shi ya yanke wutsiya, ba wanda ya hau amalanke. Muna fiɗar gawar ne ya fara ba ni labarin wata yarinya 'yar Dosso da yake so in yi wa Inna maganarta. Mun kai ƙarfe ɗaya na dare, ni ne mai sauraro.